Filtar Falalu Ta Sha Rubutu

A shekarun nan da kuɗin man fetur suka fara zuba a Fatakwal, duk wanda ya taɓa shiga gidan hayar da Falalu mai albasa yake zaune a unguwar Borokiri ya sha bayanin filta, ko yana so ko ba ya so. Ko aron tabarma ka shigo, sai ya zaunar da kai. Wasu suna sayen rediyo mai kaset, wasu Vespa, wani ma a layinsu har firji ya saya alhali ɗakinsa babu lantarki, yake ajiye riguna a ciki. Shi kuwa Falalu tukunyar tace ruwa ya saya, daga hannun kukun wani Baturen kamfanin mai da zai koma gida, kuma tun ranar bai bar kunnen kowa ya huta ba.

Abin dai tukwane biyu ne na farin ƙarfe, ɗaya a kan ɗaya. A cikin ta saman akwai wani farin abu a tsaye mai kama da alli, wanda Falalu yake kira kyandir, ko da yake ba a kunna shi. Sai a zuba ruwan rijiya a sama, ya riƙa tsattsafowa ta jikin kyandir ɗin, ɗis, ɗis, yana taruwa a ta ƙasan, sannan a murɗa ɗan famfo a tara kofi. Ba ta sauri. Baƙo ya kan zo da ƙishirwa, a gaisa, a yi hira, a yi sallama, ruwansa bai gama saukowa ba. Abokan kasuwarsa har suna cewa in za ka gidan Falalu ka sha ruwanka tun daga gida.

Ana yi masa dariya, amma waɗanda suka san mafarin abin ba su cika yi da ƙarfi ba. Falalu yana cikin waɗanda suka bar garin da rigar jikinsu kafin yaƙin basasa, yana kuma cikin na farkon da suka dawo bayan an gama. Da ya dawo ya zo da matarsa Sa'a da ɗansu Lawal, yaro mai ƙiba da ya fara tafiya yana kama bango. Wata damina amai da gudawa suka kama yaron, kafin a yi wani abin kirki ya tafi. Wata nas a asibiti ta ce ruwa ne. Wannan kalma ɗaya ita ce ta zauna wa Falalu a ƙirji. Ya rantse babu abin da zai sake bi ta maƙogwaron iyalinsa sai ya fara bi ta filta.

To, ga Sa'a da wani cikin, har ya tsufa. Ana nan sai jirgin ƙasa ya sauke Iya Baiwa, mahaifiyar Falalu, tun daga Indabawa a birnin Kano. Ta zo da gero, da daddawa, da kuka, da wata kwalba a naɗe cikin tsumma wadda ba ta yarda kowa ya ɗaukar mata ba. Falalu ɗan fari ne, don haka tunda ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo gare shi, bango take fuskanta ta faɗa, ko da kuwa yana zaune gwiwarsa na taɓa tabarmarta.

Ko hutawa ba ta gama yi ba ta juya ta dubi bango.

"A gaya wa mai gidan nan," in ji ta, "ba zama na zo yi ba. Yarinyar nan tare za mu koma, ta haihu a gida. Ƙasar da ta karɓe mana ɗaya ba za mu miƙa mata na biyu ba."

Falalu ya dubi Sa'a. Ya san yadda irin wannan tafiyar take. A ce haihuwa, sai a ce wankan jego, sai a ce bari yaro ya yi ƙwari, sai a ce bari a yaye shi, kafin ka farga ɗanka yana gudu in ya gan ka. Shi kuma ya koma cin garin kwaki da gwagware a bakin kasuwa. Gaskiyar magana kuma, son Sa'a yake yi, irin son da bai taɓa iya faɗa mata ba sai dai ya kawo mata kifi. Ita ma ba ta son tafiyar. Tana da kaskon wainarta da leburorin tashar jirgin ruwa suke yi wa layi, ta iya Turancin brokin fiye da shi, ta yi ƙawaye. Amma wace ce ita da za ta musa wa uwar miji? Sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta.

Makami ɗaya Falalu yake da shi, ya kuwa zaro shi. Ya durƙusa gaban filta ya fara bayani, daga kukun Bature har zuwa ƙananan halittun da ido ba ya gani. Ya tara kofi ya miƙa da hannu biyu. Iya ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye da ƙyar.

"Wannan ai ba ruwa ba ne," ta gaya wa bango. "Ba ƙamshin randa, ba sanyi, ba komai. Kamar mutum ya sha iska. A samo mini garwashi da kajiji in turara tukunyar, ko ta yi ɗanɗanon mutane."

Da ƙyar da roƙo aka raba ta da wannan shawarar. Ita a ganinta ruwan rijiyar gidan ba shi da laifin komai, ga shi nan garau a bokiti. Abin da ya ɗauki jikanta, in ji ta, garin ne, garin da ruwa ya kewaye, wanda ba a san abin da ke kwance a ƙarƙashinsa ba. Maganin wannan kuwa ta zo da shi. Ta warware tsumma ta fito da kwalbar.

Rubutu ne, baƙi wuluk. Malam Gwadabe ne ya yi shi, tsohon da ya yi mata rubutu lokacin da take ɗauke da cikin Falalu kansa. Yanzu idonsa ya kusa tafiya, sai da ya kusa manna hancinsa a jikin allo kafin ya rubuta, ya kuma gaya mata daga wannan ya ajiye alƙalami. Sa'a za ta riƙa kurɓa kowace safiya har ta sauka lafiya, za ta fara ran Juma'a.

Falalu ya dubi kwalbar. Tsohuwar kwalbar man gyaɗa ce, an toshe bakinta da totuwar masara. Ya ɗaga ta saitin taga, ya ga wasu 'yan abubuwa suna yawo a ciki.

"Iya, da wane ruwa aka wanke allon?"

"A tambayi mai gidan nan, da wane ruwa aka wanke wanda ya fito da shi duniya? Ruwan rijiyar masallaci ne, wanda ubansa ya sha har ya mutu."

Wannan amsar ba ta kwantar masa da hankali ba ko kaɗan, musamman ƙarshenta. Ruwan rijiya, a kwalbar mai, ya yi kwanaki cikin zafin jirgin ƙasa! Ya tafi kasuwa yana auna wa mutane albasa yana lissafin abin a ransa. Hana shan rubutu ba zai yiwu ba, shi kansa ba ya so a hana, don ya yi imani da shi kamar yadda ya yi imani da filta. Barin Sa'a ta sha haka kuma ba zai iya ba. Yana cikin wannan sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa mutum da fara'a ta bar shi da kuka. Filta dai datti take riƙewa. Ayar Allah kuwa ba datti ba ce. Ashe ke nan in aka zuba rubutu a sama, dattin zai tsaya, rubutun ya wuce abinsa tsaf. Har ya yi mamakin yadda malamai ba su taɓa tunanin haka ba.

Ranar Alhamis da hantsi Iya da Sa'a suka shiga maƙwabta barkar haihuwa. Falalu ya bar rumfarsa ya lallaɓo gida kamar ɓarawo. Ya juye ruwan da ke cikin tukwanen biyu a kwano. Don sauri bai tsaya wanke kyandir ba, ko da yake an kwana biyu ba a wanke shi ba saboda hidimar baƙuwa. Ya yi bisimilla, ya cire totuwa, ya tuttule kwalbar duka a sama, ya rufe, ya zauna.

Ɗis. Ɗis.

Da ya ga an jima ya tara kofi ya murɗa famfo. Abin da ya zubo fari ne tas. Ya ce wannan ragowar ruwan ɗazu ne. Ya ƙara jira, ya sake murɗawa. Fari tas, har ya fi na kullum kyau. Nan fa gumi ya keto masa. Ya ɗaga murfi ya leƙa: baƙin ya ragu sosai, ga kyandir ya yi rawani da tawada. Ya girgiza tukunyar. Ya bubbuga ta. Ya yi mata magana a hankali, kamar yadda ake lallashin jaki a bakin gada. Filta dai ta ci gaba da aikin da aka saye ta dominsa, kuma a ranar ta yi shi fiye da yadda ake bukata.

Shaiɗan ba ya nisa da mai neman mafita. Idon Falalu ya sauka kan gwangwanin ganyen shayi. In aka dafa shi ya yi baƙi sosai, aka bar shi ya huce, aka ɗura a kwalba, wa zai sani? Har ya ɗauko gwangwanin ya buɗe. Sai kuma ya tsaya. Ya ba matarsa shayi da sunan rubutun Malam Gwadabe, tana sha tana bisimilla? Ya ji kunyar kansa ta rufe shi. Yana tsaye haka, gwangwani a hannun dama, kwalba babu komai a hannun hagu, aka ɗaga labule.

Sa'a ta dubi kwalba, ta dubi filta, ta dubi shayi. Kallo ɗaya ta karanta labarin duka, har da abin da bai kai ga aikatawa ba. Ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ba a san ko kuka take ko dariya ba.

"Malam," ta ce da muryar da ta shaƙe, "ba dai ka tace shi ba?"

Iya Baiwa, da ta shigo bayanta, ta karɓi kwalbar ta kife ta a tafin hannu. Ko ɗigo. Sai ta saki salati, irin wanda ake yi in gobara ta tashi. Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika. Mama Ibinabo mai gasa kifi, wadda ɗakinta ke kallon nasu, ta kutso da zane a ƙirji tana tambaya, "Wetin happen? Person die?"

"Nobody die, Mama," in ji Sa'a tana share ido. "Na filter drink our medicine."

Mama Ibinabo ta dubi tukunyar da girmamawa, ta ja da baya kaɗan.

"A gaya wa mai gidan nan ya gama da ni!" Iya tana faɗa wa bango, har tana nuna shi da yatsa kamar bangon ne ya yi laifin. "Tsoho ya ƙarar da sauran idonsa a kan allo, na rungumo abu tun daga Kano ban runtsa ba, ya ɗauka ya ba garwa ta sha! Garwa ce za ta haihu? Yarinya, tattara kayanki. Jirgin da zai fara tashi da mu zai tashi."

Wani mai hankali ya ruga ya kirawo Malam Idrisu, limamin ɗan masallacin layin, mutum mai sanyin hali wanda ba ya son a sa shi a tsakiyar uwa da ɗa. Aka shimfiɗa masa buzu. Ya saurari kowa, ya zagaya filta, ya leƙa sama, ya leƙa ƙasa. Tambayar dai ɗaya ce: albarkar tana ina? Ta bi farin ruwa ta sauka, ko ta maƙale a sama tare da tawada?

Malam ya daɗe yana shafa gemu.

"To," ya ce, "a gaskiya littattafan da na karanta babu filta a ciki."

Aka ƙara matsowa ana jiran saura.

"Amma Hajiya, ai ba tawada ce ke ba da lafiya ba. Tawada baƙin tukunya ce da ƙaro. Allah ne mai ba da lafiya, Ya kuma ga niyyar wanda ya rubuta da ta wadda ta ɗauko."

"Allah gafarta malam," in ji Iya, "in haka ne, me ya sa kuke ta wahalar da mu da tawada tun muna yara? Da sai ku riƙa ba mu ruwa kawai mu huta."

Malam Idrisu ya leƙa waje ya duba ko lokacin azahar ya yi. Bai yi ba.

Iya ta ga babu mai fitar da ita sai kanta. Ta ɗaure mayafi a ƙugu.

"Ai abin mai sauƙi ne. Rubutu a jikin allo yake, a wanke a sha. Yanzu ya koma jikin wancan allin. A ciro shi in wanke shi a cikin farin ruwan, abu ya koma yadda yake."

"Iya, don Allah!" Falalu ya faɗi a gabanta. "Kada ki yi haka. Duk abin da za ki yi mini ki yi, amma ban da wannan."

"A ce ya ciro."

Babu yadda zai yi. Ya kwance kyandir ɗin ya miƙa mata a kan faranti. Iya ta karɓa ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ta sa farce ta kankari baƙin don ta ga kaurinsa. Sai baƙin ya tafi, wani abu ya bayyana a ƙarƙashinsa, ja-ja, kore-kore, mai yauƙi kamar miyar kuka da ta kwana. Ta ƙara kankara. Ko'ina haka yake, daga sama har ƙasa. Ta kai yatsan hancinta ta yi sauri ta janye.

"Wannan fa? Wannan ba na Malam Gwadabe ba ne."

"Na rijiyar gidan nan ne, Iya," in ji Falalu. "Na 'yan kwanakin nan kawai, tun zuwanki."

Ta juya ta dubi bokitin da ke bakin ƙofa, ruwan nan garau da ta yi ta yabo. Ta sake duban yatsanta.  Sannan Iya Baiwa ta yi abin da ba ta yi ba tun Falalu yana cikin zanen goyo. Ta bar bango ta dube shi ido cikin ido.

"Kai," ta ce a hankali. "Irin wannan ne jikana ya sha?"

Falalu ya dubi bokitin. Ya gyaɗa kai. Sa'a ta daina dariya. Duk tsawon lokacin nan tsohuwar tana jin haushin gari, tana jin haushin ɗanta da ya kawo jikanta garin, ba ta taɓa zaton abin da ya raba ta da Lawal yana nan a bakin ƙofa cikin bokiti ba. Baƙin ciki ya taso mata sabo fil, kamar a ranar aka aiko mata da labarin.

Ta ajiye farantin. Ta wanke hannunta da sabulu, ta sake wankewa. Ta ɗauki kofi, ta durƙusa gaban filta, ta tsaya tana neman yadda ake yi. Falalu ya miƙo hannu, ta buge shi. Ta murɗa famfon da kanta, farin ruwa ya zubo. Ta yi bisimilla a kai ta miƙa wa Sa'a.

"Sha, 'yar nan. Malam Gwadabe ya rubuta, Allah Ya gani. Abin da ya wuce ta cikin wannan ya iso gare ki, shi ne rabonki."

"Ai abin da na faɗa ke nan," in ji Malam Idrisu, amma babu wanda ya kula shi, sai ya naɗe buzunsa.

Sauran farin ruwan aka ɗura a kwalba, bayan an wanke ta da ruwan zafi. Wankin kyandir kuwa, tunda akwai tawadar malam a ciki, Iya ba ta yarda a zubar a kwata ba. Ta haƙa rami a gindin bango inda ƙafa ba ta takawa ta binne shi. Da ta gama ta karkaɗe hannu, ta koma kan tabarmarta, ta nemi bangonta.

"A gaya wa mai gidan nan jirgin Kano ya tafi abinsa. Yarinya a nan za ta haihu."

Falalu ya ji kamar an sauke masa buhun albasa daga ka. Har ya fara godiya.

"Ni ma kuma ina nan. Mutumin da ya zuba rubutu a garwa yau, gobe kunu zai zuba. A matso mini da tukunyar nan kusa da shimfiɗata. Tukunyar da ta sha rubutu ba a taɓa ta babu alwala."

Haka Falalu ya tsira da matarsa ya rasa filtarsa. Sa'a ta sauka lafiya, aka sami mace, aka sa mata Haulatu. Iya ta yi wa Sa'a wankan jego ta gama, aka yaye yarinya, ba ta ko tambayi ranar jirgi ba. In Falalu ya dawo kasuwa da ƙishirwa sai ya tsaya daga bakin ƙofa ya roƙi bango a taimaka masa da kofi ɗaya. Baƙi kuwa da suka ɗauka sun huta da bayanin filta, sai suka tarar an canja mai bayani ne kawai, kuma na Iya ya fi tsawo, don nata yana farawa ne tun daga Indabawa.

Wankin kyandir ne kawai ba ta yi da surutu. Takan fitar da shi bakin ƙofa da safe, ta zauna, ta daɗe tana kallon abin da ya taru a jikinsa kafin ta sa soso. In Haulatu ta rarrafo za ta taɓa, sai ta ɗauke ta da hannu ɗaya ta ɗora a cinya ta riƙe ta gam. A irin wannan lokacin Falalu ba ya neman ruwa, sai ya ɗauki hularsa ya wuce kasuwa da ƙishirwarsa.